Kuɗin Karatun Jami'a: Yadda Za A Raba Nauyinsa Kada Gida Ya Durƙushe

  

Kowace shekara idan sunayen waɗanda jami'o'i suka ɗauka suka fito, gidaje da yawa sukan yi murnar kwana biyu, sa'an nan su shiga zullumi na wata uku. Yaro ya ci jarrabawa, an ba shi gurbi, amma kuɗin rajista ya gagara, ana ta buge-buge har ranar rufewa ta wuce. Wani kuma ya samu ya shiga, ya yi shekara biyu, guzuri ya yanke, ya dawo gida ba digiri ba sana'a. Sau da yawa ba talauci kaɗai ke jawo haka ba, har da rashin sanin yadda lissafin yake tun da wuri. Don haka za mu yi bayanin abin da ake nufi da kuɗin jami'a, da dalilin hawansa, da kuma yadda za a raba nauyinsa tsakanin gwamnati da gida da al'umma da shi kansa ɗalibin.

Wai ba kyauta ba ne?

Dattawa sukan ba da labarin zamanin da ɗalibin jami'a yake samun ɗaki da abinci sau uku a kan kuɗi kaɗan, har jiharsa ta ba shi alawus. Gaskiya ne. A ƙarshen shekarun 1970 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta soke kuɗin koyarwa a jami'o'in tarayya, lokacin kuɗin man fetur yana shigowa, ɗalibai kuma ba su da yawa. A 1978 da aka ƙara sule biyar a kan kuɗin abincin yini, wato daga Naira 1.50 zuwa Naira 2, sai da ɗalibai suka yi bore a duk faɗin ƙasa suna neman a sauke Kanar Ahmadu Ali mai riƙe da ma'aikatar ilimi, har aka rasa rayuka a Legas da Zariya.

A cikin shekarun 1980 kuɗin mai ya faɗi, aka janye tallafin abinci, darajar Naira ta yi ƙasa, masu neman shiga kuwa kullum sai ƙaruwa suke yi. A 1993 aka kafa harajin ilimi na kashi 2 cikin 100 a kan ribar kamfanoni, wanda a 2011 ya zama asusun TETFund. Amma aikin wannan asusu shi ne gine-gine da kayan aiki da horar da malamai, ba biya wa ɗalibi rajista ba. To, tun da an hana jami'o'in tarayya karɓar kuɗin koyarwa, sai suka riƙa karɓar kuɗin hidimomi: na jarrabawa, na asibiti, na ɗakin karatu, na ɗakin gwaje-gwaje, na wasanni, na katin shaida. Su ne idan an haɗa ake kira kuɗin rajista.

A ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 nan take, kafin ƙarshen 2024 ta wuce Naira 1,000. Jami'a ma tana sayen man janareto, tana biyan kuɗin wuta da ruwa. A wannan shekara ta 2023 jami'o'in tarayya da dama suka ninka kuɗin rajista, wasu fiye da ninki biyu. A Jami'ar Bayero ta Kano wasu fannonin lafiya sun haura Naira dubu 200. Idan aka tuna cewa mafi ƙarancin albashi a lokacin Naira 30,000 ne, sai a 2024 aka mayar da shi Naira 70,000, za a ga irin nauyin da ya faɗo wa magidanci.

Kuɗin kashi biyar ne

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka rajista ita ce duka. Alhali kuwa kashi biyar ne.

Na farko, kuɗin kafin shiga: jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ko NECO ko ta hukumar NBAIS ga 'yan makarantun Larabci da addini, sai fom ɗin JAMB, sai jarrabawar tantancewa ta jami'a, da kuɗin mota zuwa wurin. Na biyu, rajista, wadda ake biya kowace shekara, ta sabon ɗalibi kuma ta fi yawa. Na uku, wurin kwana. Ɗakunan kwanan makaranta suna da sauƙi amma ba sa isa, wanda bai samu ba sai ya kama haya a unguwannin kusa, irin su Samaru a Zariya ko Rijiyar Zaki a Kano. Na huɗu, abinci da sufuri. Na biyar, kayan karatu: littattafai, kwafin takardu, katin waya na shiga intanet, kwamfuta ga wasu fannoni, da kuɗin rubuta kundin bincike a shekarar ƙarshe.

Bari mu yi misali kawai, kowa ya sa farashin garinsa. A ce ɗalibi yana cin abincin Naira 1,500 a yini. A wata ya ci Naira 45,000 ke nan. Idan ya yi wata takwas a makaranta, ya zama Naira 360,000 a shekara. Idan rajistarsa Naira 100,000 ce, ka ga abinci kaɗai ya ninka ta fiye da sau uku. Rajista ita ce mai tayar da hankali domin lokaci ɗaya ake nemanta, amma ciki shi ne mai cin kuɗi a hankali. Sa'an nan a tuna da yajin aiki. Na malaman jami'a na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuɗin hayar ɗalibai da yawa ya ƙare ba su zauna a ɗakin ba. Mai hankali yakan ƙara wani abu a kan lissafinsa saboda irin wannan.

Rabon gwamnati: rancen ɗalibai

A watan Yuni 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar ba ɗalibai rance. Waccan doka ta zo da sharuɗɗa masu tsauri, kamar kawo masu tsayawa da kuma ƙayyade abin da gidan ɗalibi ke samu a shekara. A watan Afrilu 2024 aka sake ta, aka cire waɗannan sharuɗɗa, sa'an nan a ranar 24 ga Mayu 2024 hukumar NELFUND ta fara karɓar buƙatun ɗalibai ta intanet.

Ga yadda tsarin yake. Rancen na ɗaliban makarantun gwamnati ne, na tarayya da na jiha: jami'a, kwalejin kimiyya da fasaha, da kwalejin ilimi. Kuɗin rajista makaranta ake tura wa kai tsaye, ba ya bi ta hannun ɗalibi. Wanda ya nemi kuɗin kashewa kuma, an fara da ba shi Naira 20,000 a wata ta asusunsa na banki. Ana buƙatar lambar shaidar ɗan ƙasa, da lambar BVN ta banki, da lambar JAMB, da lambar ɗalibi ta makaranta. Ana fara biya shekara biyu bayan gama hidimar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na albashi, ko na ribar sana'a ga mai zaman kansa. Wanda bai samu aikin yi ba yana iya neman a ɗaga masa ƙafa. Yin ƙarya a wajen neman rancen laifi ne da doka ke hukuntawa.

Tambayar da iyaye suka fi yi ita ce: shin akwai kuɗin ruwa? Yadda hukumar ta bayyana, babu, abin da aka ba ka shi za ka mayar. Rance irin wannan shi malamai ke kira ƙardul hasan, kuma ya halatta. Amma fa a lura da abu uku. Na ɗaya, bashi ne, ba rabon gwamnati ba ne. Shari'a ba ta ɗauki bashi da wasa ba, shi ya sa ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. An taɓa kafa hukumar rancen ɗalibai a ƙasar nan a 1972, kuma rashin biyan waɗanda suka karɓa yana cikin abin da ya kashe ta. Wanda ya ci ya ƙi biya, ƙanensa ya toshe wa hanya. Na biyu, kuɗin yakan yi jinkiri, don haka kada a dogara da shi kaɗai a rajistar farko. Na uku, neman rancen kyauta ne. Duk wanda ya ce a ba shi wani abu ya gaggauta maka, ɗan damfara ne.

Ban da rance, jihohi ma sukan taimaka. A 2021 an kai mafi ƙarancin kuɗin Jami'ar Jihar Kaduna Naira 150,000, a 2023 Gwamna Uba Sani ya rage shi zuwa Naira 105,000. A wannan shekarar gwamnatin Kano ta rage rabin kuɗin manyan makarantunta ga 'yan jihar, ta kuma ware Naira miliyan 700 domin rajistar 'yan jihar 7,000 da ke Jami'ar Bayero. Irin wannan taimako yakan zo yakan tafi bisa ga wanda ke mulki, amma wanda takardunsa ke hannu shi ke samu. Saboda haka a yi wa yaro takardar haihuwa da ta shaidar ƙaramar hukuma da lambar ɗan ƙasa tun yana sakandare, kuma a tabbata sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a ko'ina. Saɓanin harafi ɗaya tsakanin takarda da takarda ya hana yara da yawa abin da suka cancanta. A riƙa leƙa hukumar tallafin karatu ta jiha da ta tarayya. Ɗalibanmu masu ƙarfi a Larabci da hadda kuma su sani cewa Jami'ar Musulunci ta Madina tana ɗaukar nauyin waɗanda ta zaɓa, har da masauki da tikitin jirgi da alawus na wata.

Rabon gida: da safe ake kama fara

Daga aji ɗaya na ƙaramar sakandare zuwa kammala babbar sakandare shekara shida ce, wato wata 72. Gidan da ya riƙa ajiye Naira 2,000 a wata zai tara Naira 144,000 kafin yaro ya gama. Ba ta isa komai da komai ba, amma ta isa ta hana gurbi kuɓucewa. Matsalar ita ce Naira tana zagwanyewa. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100, ma'ana abin da Naira 100 ta saya shekara guda kafin nan sai da 134 a lokacin. Don haka dabarar iyayenmu mata ta fi: a mayar da kuɗin tunkiya ko akuya, ta haihu, a sayar da ragon idan babbar salla ta matso. Wasu kan sayi hatsi da kaka su ajiye. Adashi ma hanya ce, a roƙi uwar adashi ta sa kwasar gidan ta faɗo daidai watan rajista. Abin da za a guje wa shi ne bashin ruwa, musamman na masu ba da rance ta waya, domin ga haramci ga tozarci.

Har wa yau, a duba abin da ake kashewa a biki da suna. Sau nawa akan ce babu kuɗin rajista a gidan da wata uku baya aka yi anko da kiɗa da raba robobi? Ba a ce kada a yi farin ciki ba, amma kayan ɗaki suna tsufa, ilimi kuwa ba ya tsufa.

Sai zaɓen makaranta. Tun da mun ga abinci da haya su ne suka fi cin kuɗi, ɗalibin da ya samu makaranta a garinsu, yana kwana gida yana cin tuwon gida, ya sauke wa mahaifinsa mafi nauyin kayan. Idan sai an tafi wani gari, a haɗa shi da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da shinkafa da wake da manja daga gida, ya haɗa tukunya da abokan kirki biyu ko uku. Kuma jami'a ba ita kaɗai ce ƙofa ba. Kwalejin ilimi tana ba da takardar NCE a shekara uku, kwalejin kimiyya da fasaha tana ba da ƙaramar difloma a shekara biyu. Wanda ya samu sakamako mai kyau a ɗayansu yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, a lokacin kuma yana da abin da zai nemi aiki da shi ya taimaki kansa. Akwai kuma jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, wato NOUN, wadda ta dace da ma'aikata da matan aure. Gara hanya mai tsawo da za a kai ƙarshenta da gajeriyar da za a tsaya a tsakiya.

Rabon al'umma: zakka da waƙafi

Musulmi ba baƙi ba ne a wajen ɗaukar nauyin ɗalibai. Masallacin Ƙarawiyyin na birnin Fas a Maroko, wanda ya zama babbar jami'a, wata baiwar Allah ce mai suna Faɗimatul Fihriyya ta gina shi a shekarar 859 da dukiyar da ta gada. Azhar ta Masar ta shafe ɗaruruwan shekaru tana ciyar da ɗalibai tana ba su masauki daga dukiyar waƙafi. Waƙafi, ko hubusi kamar yadda littattafanmu na Malikiyya ke kiransa, shi ne mutum ya tsayar da gona ko gida ko shago saboda Allah, ba a sayarwa, ba a gādo, amfanin da ke fita kawai ake rabawa. Haka Sayyidina Umar (R.A.) ya yi da gonarsa ta Haibara. Mai hali ɗaya a unguwa idan ya tsayar da shago biyu, kuɗin hayarsu zai iya riƙe ɗalibai shekara da shekaru, ladan yana isa gare shi har bayan ransa.

Zakka ma haka. Ɗaya cikin arba'in ake fitarwa a kuɗi da kayan kasuwa idan sun kai nisabi shekara ta zagayo, a amfanin gona kuma ɗaya cikin goma na damina, ɗaya cikin ashirin na ban ruwa. Ɗalibi matalauci yana cikin mabuƙatan da ake ba zakka. Maimakon a tsinka ta Naira ɗari biyar-biyar a ƙofar gida, kowa ya ci ta a yini ɗaya, me zai hana a dunƙule wani kaso a biya wa maraya rajista? Sai dai mutum ba ya ba da zakkarsa ga wanda ciyarwarsa ta wajaba a kansa, don haka a nemi fatawar malamai kafin a raba.

Makarantar Islamiyya kuwa tana da wata dukiya da ba a cika lura da ita ba, wato tsofaffin ɗalibanta. A ce mutum 200 daga cikinsu su yarda da Naira 500 a wata. Naira 100,000 ke nan a wata, Naira 1,200,000 a shekara, kuɗin rajistar ɗalibai goma ko fiye. Sharaɗin ɗorewar irin wannan asusu shi ne amana: a buɗe masa asusun banki da sa hannun mutum biyu ko uku, a rubuta shiga da fita, a karanta lissafi a gaban iyaye ranar walimar sauka, a zaɓi masu amfana bisa buƙata da ƙwazo, ba don ɗan wane ba ne. Wanda aka taimaka kuma ya yi alkawarin idan ya samu aiki zai ɗauki nauyin wani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Rabon ɗalibi

Yanzu gare ku, ɗalibai. Kada ku ce wannan magana ta Baba ce. Babban taimakon da za ku yi wa iyayenku shi ne ku ci jarrabawa a zama ɗaya: darussa biyar da sakamako mai kyau, har da Turanci da Lissafi. Duk maimaici kuɗi ne sabo. Haka a jami'a, wanda ya faɗi wasu darussa har aka ƙara masa shekara, ya ɗora wa gidansu rajista da haya da abincin shekara guda cur.

Sa'an nan ku riƙe sana'a tun yanzu: ɗinki, saƙa, gyaran waya, aski, buga takardu a kwamfuta, yin turare ko cincin. Ku ma 'yan Islamiyya kuna da jari a ƙirjinku. Wanda ya iya tajwidi yana iya koyar da yara a gidaje da yamma ko a ƙarshen mako, ya samu na sabulu da na mota ta hanyar halal. Ku rage kwaɗayin babbar waya da gasar tufafi. Kuɗin da aka aiko muku, ku tuna wataƙila ragon salla aka sayar, ko Inna ta cire 'yan kunnenta.

Kada 'ya mace ta zama ta farkon janyewa

Idan kuɗi ya yi kaɗan, a gidaje da yawa 'ya mace ake fara cewa ta haƙura, ko da ita ce ta fi ƙoƙari. Mu ne kuma za mu je asibiti mu yi ta ƙorafin babu likita mace da za ta duba matanmu. To daga ina za ta fito? Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru domin ilimi ya isa ga mata har ƙauyuka. Ba sabon abu muka ƙirƙiro ba. A dubi ƙwazo da natsuwa wajen zaɓen wanda za a fara ɗauka. Idan aure ya zo, a yi maganar ci gaba da karatu a fili tun kafin a ɗaura, a san wanda zai ɗauki nauyi.

Abin da muke roƙo a yi cikin wannan zangon karatu kaɗan ne. Kowane magidanci ya ɗauki takarda da alƙalami, ya zauna da uwargida da yaran da suka kai sakandare, a rubuta kashi biyar ɗin nan da farashin yau, a faɗi abin da gida zai iya da abin da ba zai iya ba, a sa ranar fara tanadi. Kwamitin iyaye da malamai kuma ya sa maganar asusun tsofaffin ɗalibai cikin ajandar zamansa na gaba.

Allah ya buɗa wa iyayenmu ƙofofin arziki na halal, ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani duniya da lahira, ya sa su zama sanyin idanunmu. Amin.